Takalmin da Ke Mutuwa a Cikin Akwati

Yau maganar takalmi za mu yi, da yadda ake ajiye shi, da wani ɗan abu da ake cusa masa a ciki don kada ya lalace.

Na san wata za ta ce, "Haba, ni da ba fita nake yi ba, me zai sami takalmina?" To ai ke ce ma nake nufi, 'yar'uwa. Macen da take fita aiki kullum, tafiya ce take cinye mata takalmi, ta more kuɗinta. Ke kuwa da kike cikin gida, sai biki ko suna ko asibiti ko gaisuwa, silifa ɗaya ke ɗawainiya da ke daga ɗaki zuwa madafa, su kuma masu tsadar suna can ƙasan akwati, an danne su da atamfa da leshi. Ranar da za a fita, an yi wanka, an ɗaura ɗankwali, mota tana jira a ƙofar gida, sai ki ciro takalmin ki tarar bakinsa ya lotse, gefensa ya kwanta, ko kuma ya yi fari fat da hunhuna. Wani ma ƙafa ba ta shiga. Takalmin da bai taka ƙasa sau biyar ba, ga shi ya tsufa. Kuma kin san yadda kaya suka yi tsada tun daga 2023, da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi. Yanzu ba kowane maigida ne za ki ce masa "takalmina ya lalace" ya sa hannu a aljihu nan take ba.

Bari mu fara da abin da ke faruwa da fata, don idan kin gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Fata ko an jeme ta, halinta na fata yana nan. Tana shan ruwa ta yi laushi, idan ta bushe kuma sai ta ƙame a yadda ta sami kanta. Duba buzu idan ruwa ya jiƙa shi aka bar shi a duƙunƙune. To ƙafar mutum tana cikin wuraren da suka fi ko'ina yin gumi a jiki. Kin sa takalmi kin yini gidan biki cikin zafi, fatar ta sha gumi ta yi laushi, ga ta ta lanƙwashe daidai inda yatsu ke lanƙwasawa in ana tafiya. Kina dawowa kika cire shi kika jefa bayan ƙofa, babu komai a cikinsa. Yana bushewa da wannan lanƙwasar. Gobe haka, jibi haka, sai layin ya zurfafa, daga nan ya tsage. Shi ya sa za ki ga sau-cikin maigida ya ɗaga hanci sama kamar kwalekwale, samansa duk ya yamutse kamar goshin mai fushi.

Maganin wannan an daɗe da gano shi. Abu ne da aka sassaƙa da siffar ƙafar mutum, ake saka shi cikin takalmi idan an cire. Turawa suna ce masa shu-tiri, in za ki aika kasuwa da wannan sunan za a fi ganewa. Ni dai ƙafar katako nake ce masa. Duk wadda ta taɓa ganin masu ɗinkin takalma, irin na Ƙofar Wambai a Kano, ta san suna da wata ƙafa ta katako ko ta roba da suke ja fata a kanta su fitar da siffar takalmi. To wannan ƙanwarta ce. Waccan ita ta ba takalmi siffarsa, wannan kuma ita ke tsare masa ita.

Bambancinta da ta maɗinka shi ne, ita ana iya ƙara mata tsawo ko a rage. Kashi biyu ce, gaba mai kama da yatsu da saman ƙafa, baya mai kama da dunduniya, an haɗa su da ɗan bututun ƙarfe mai sifirin a ciki. Za ki fara tura gaban har ƙurya, ki matse bayan ya shigo, ki sake shi, sai sifirin ya tura kowane ɓangare wurinsa, takalmin ya miƙe kamar akwai ƙafa a ciki. Wata an tsaga gabanta biyu, tana shiga sai ta buɗe dama da hagu ta cika faɗin takalmin. Wata kuma babu sifirin, murɗawa ake yi kamar noti har ta kai tsawon da ake so. Saboda haka guda ɗaya tana iya yi wa lamba biyu aiki, a ce 38 da 39, ko 42 da 43 na maigida.

Wadda ta fi daraja ita ce ta katako wanda ba a shafa masa fenti ko banish ba, domin shi ne ke shan damshi. A Amurka an fi yin ta da wani itace ja mai ƙamshi da suke kira sida, ƙamshinsa yana rage warin takalmi, asu ma ba ya son sa. Idan ƙamshin ya dushe, a ɗan goge shi da samfefa sai ya dawo. Mai sheƙin nan da aka yi wa banish ta fi kyau a ido, amma banish ɗin ya toshe katakon, siffa kawai za ta riƙe.

Sai ta roba, wadda ita ce aka fi samu a kasuwanninmu kuma ita ce mai araha. Gabanta roba, sai doguwar waya mai lanƙwasawa, sai ɗan ƙwallo a ƙarshe da ke tokare dunduniya. A nan ina so ki saurare ni da kyau. Wannan ƙwallon wuri ɗaya yake dannawa. Kwana biyu, mako ɗaya, babu laifi. Amma in kika bar shi wata shida a cikin takalmi mai laushin baya, za ki tarar ya fito da ƙulu a dunduniyar, takalmin ya ƙara tsawo, kina tafiya yana fita. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Ni a ganina, ta roba ta tafiya ce, ba ta dogon ajiya ba. Kuma kowace iri ce, in kika ji sai kin yi kokawa kafin ta shiga, ta yi girma, cire ta. Aikinta ta cika takalmi, ba ta buɗa shi ba. Akwai wani abin daban mai kama da ita da ake buɗa takalmin da ya matse, kada ɗan aike ya kawo miki shi a maimakonta.

Yaushe ake sakawa? Ba a jira sai gobe. Kin cire takalmi, ki goge ƙurar, ki bar shi ya ɗan sha iska, sannan ki saka tun fatar tana da laushi. Ya kwana ya yini a haka. Wannan ne ma ya sa ba dole sai kin saya wa kowane takalmi nasa ba. Idan maigida yana da sau-ciki biyu, ƙafar katako ɗaya ta ishe shi: wanda ya dawo da shi yau a saka masa, gobe ya sa ɗayan. Takalmin da ake hutar da shi kwana ɗaya tsakani ya fi wanda ake sawa kullum daɗewa nesa ba kusa ba.

To, duk wannan an fi yin sa ne da rufaffen takalmi irin na maza. Namu na mata sai an ɗan yi dabara. Mai tsini ƙafa a tsaye take a cikinsa, ƙafar katako shimfiɗaɗɗiya ba za ta zauna ba sai wadda aka yi dominsa, kuma samunta da wuya. Mai buɗaɗɗen baya kuwa babu inda sifirin zai tokara. Su waɗannan cusa suke so. Ki sami tsohuwar safa mai tsabta, ki cika ta da ƙyallayen da tela ya rage ko audugar rimi, ki ɗaure bakin, ki tura ta gaban takalmin har ya tashi. In ya yi yawa ki rage, in bai cika ba ki ƙara, kin ga ke ma kin yi taki mai ƙaruwa da raguwa ba ki kashe ko sisi ba. Mai igiyoyi kuma, ki naɗe kwali kamar tabarma ki zura ƙarƙashin igiyoyin, yana shiga zai ɗan warware da kansa ya ɗaga su. Takalman yara na makaranta ma haka za ki yi musu lokacin dogon hutu.

Da yawa takarda suke cusawa, kuma tana aiki, tana ma shan damshi. Sai dai jarida tana zubar da tawada, in cikin takalmin fari ne ko ruwan madara za ta ɓata shi. Sannan ki duba abin da ke rubuce kafin ki duƙunƙune. Jaridunmu da littattafan yara ba sa rasa sunan Allah ko aya, kin kuwa san wannan ba abin sawa a takalmi ba ne. Farar takardar da ke zuwa a cikin sabon takalmi ita ta fi, a daina zubar da ita. Haka ɗan ƙunshin nan mai ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a kwalin, aikinsa tsotse damshi, ki bar shi a ciki, amma ki ɓoye wa yara don suna ɗauka sukari ne.

Masu keken ɗinki, ku buɗe kunne. Wannan cusar sana'a ce. Ki ɗora takalmi a kan kwali ki zana gabansa, ki yanka yadi biyu, ki ɗinke, ki cika, ki sa ɗan zare a baya na jawowa. Da ragowar atamfa za ki yi, kuma duk mai haɗa lefe tana bukatarsa ko ba ta sani ba. Dillaliyar da ke shigo miki da kaya ita za ta fitar miki da shi.

Tunda na ambaci lefe, bari in faɗi wata gaskiya, ko da ba za ta yi wa amare daɗi ba. Yawancin takalma da jakunkunan da ake zubawa a akwati ba fata ba ne, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi aka yi mata zanen fata. Ita wannan robar, damshin da ke cikin iska yana cin ta a hankali, zafi kuma yana ƙara hanzarta abin, ko an sa ko ba a sa ba. Shi ne za ki ga jaka tana saɓulewa tana zubar da ɓawo a jikin mayafi, ko ƙasan takalmi ya farfashe kamar tsohon burodi ana tsakiyar tafiya. Babu ƙafar katakon da za ta hana wannan, babu man da zai mayar da shi. Irin wannan takalmin ajiya ba ta ƙara masa kwana. Amarya, idan an zuba miki takalma shida, kada ki ce uku na bana uku na baɗi. Ki shinshina, ki duba gefen da aka yanka: fata ta gaske tana da warinta, gefenta kuma gashi-gashi ne, ta roba za ki ga zaren yadi a bayanta. Na fatar ki cusa ki adana. Na robar ki sa abinki tun yana da kyau, ko a tsakar gida ne idan maigida zai dawo, wanda ya yi miki yawa ki ba ƙanwarki ta ji daɗi tana sa miki albarka. Ya fi ki buɗe akwati bayan shekara uku ki kwashe ki zubar.

Shi kansa wurin ajiyar, akwati ba gidan takalmi ba ne. Da damina kada ki ƙulle shi a leda, gumi zai yi ya kama hunhuna. Jakar yadi ko kwalinsa na asali da aka huda wa ƙofofi sun fi, a ɗora a sama, ba a kan siminti ba. Duk wata ki fito da su su sha iska a inuwa. In ruwa ya jiƙa takalmi, kada a kai shi rana ko bakin murhu, ƙamewa zai yi ya tsage. A cusa masa takarda, in ta jiƙe a canja, sai ya kusa bushewa sannan ƙafar katako ta shiga. Da hunturu kuma ƙishirwa fata take ji kamar yadda ƙafarki take kaushi, sai a shafa mata man takalmi. Man kaɗanya kaɗan yana yi wa baƙi da ruwan ƙasa, amma yana duhunta fata mai haske, kuma ba a kai shi kusa da mai laushin nan kamar karan-miski. Masu zuba kafur a akwati don kyankyaso, ku raba shi da kayan jarirai, yana iya jawo wa wasu jariran shawara mai tsanani.

Idan tafiya ta kama, ganin gida ne ko Umara, takalmi ƙasan akwati yake zama ta wajen tayoyi, kowanne a jakarsa, hancin wannan yana kallon dunduniyar wancan. Ƙafar katako nauyi gare ta, jirage da yawa kuma kilo 23 suke ba akwati ɗaya, to a nan ne ta roba take da rana. In babu, safa da ƙananan kayan da dama za ki tafi da su ki cusa a ciki, kin rage wuri kin tsare takalmi. Kwalbar turare ko humra kuwa kada ta kwana kusa da shi, in ta tsiyaye tana cinye launin fata, tabon kuma ba ya fita. Kina sauka masauki ki fito da su, kada su zauna a danne har ranar dawowa.

Mai aikawa kasuwa, ki ba ɗan aike ƙafa ɗaya ta takalmin ya tafi da ita a gwada a gabansa, don lambar da aka rubuta a jiki ba kullum take faɗin gaskiya ba.