Mantiƙi da Tafiyar Fayil a Zamanin Kwamfuta



Jawabinmu na yau a kan tafiyar fayil ne, da yadda ake tabbatar da ingancinta kafin a damƙa ta ga kwamfuta.

Mu ɗauki misalin baucan biyan kuɗi. A ce doka ta hana akanta sa hannu sai odita ya duba, odita ba zai duba ba sai ma'ajin sito ya shaida, shi kuwa ma'aji yana jiran sa hannun akanta. An yi cirko-cirko ke nan. Da mutane ne, wani zai gaji ya tashi ya leƙa ofishin ɗan'uwansa. Kwamfuta ba ta gajiya da jira, mai haƙƙi kuwa yana can da yunwa.

A 1962 wani Bajamushe, Carl Adam Petri, ya fito da hanyar zana aiki wadda ta yi kama da dara: ga gurabu, ga 'ya'ya, kuma ba a ɗaukar mataki sai kowane gurbi da matakin ke bukata ya sami ɗa. A 1997 Wil van der Aalst na ƙasar Holan ya yi amfani da zanen nan ya kafa sharuɗɗa na ingancin tsarin ofis. Duk aikin da aka fara ya kasance yana iya ƙarewa. In ya ƙare, kada a bar saura a hanya. Kuma kada a sami matakin da ba za a taɓa isa gare shi ba.

A 1977 Amir Pnueli ya shigo da mantiƙin lokaci cikin ilmin kwamfuta. Da shi ake rubuta ƙa'ida kamar haka: har abada ba za a biya bauca ɗaya sau biyu ba; kowace takarda da ta shigo, ko ba daɗe ko ba jima, za ta sami amsa. Daga 1981 Clarke da Emerson, da kuma Queille da Sifakis, suka samar da dabarar sa na'ura ta bincika kowane halin da tsari zai iya shiga. In ƙa'ida ta karye, sai ta nuna matakan da suka kai ga haka. Abin ya fi ƙarfin hannu, domin matakai 20 masu zaman kansu, kowanne an yi ko ba a yi ba, suna haifar da hali 1,048,576. Injiniyoyin Amazon sun fara amfani da TLA+ na Leslie Lamport a 2011, suka tono kurakuran da gwaji bai gano ba.

Sai dai fa mantiƙi yana auna tsari ne da ƙa'idar da aka ba shi. In ƙa'idar ta zalunci ɗan fansho, na'ura za ta zartar da zaluncin ba tare da kuskure ba. Rubuta ƙa'ida kuwa aikinmu ne, mu da za mu riƙe ofisoshin nan gobe. Tun ran gini, tun ran zane. Saboda haka muna kira ga masu karatun mulki da akanta su kusanci sashen lissafi tun suna makaranta.