Maganin Yaro Bayan Rabuwar Aure

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare a Mai Yara da kewaye, Allah ya karɓi azuminmu.

Karatunmu na yau a kan yaron da iyayensa suka rabu ne, yana hannun uwa, ciwo ya kama shi. A wuyan wa kuɗin magani yake?

Wani uban in aka aika masa sai ya ce ai gwamnati ta ɗauke wannan. Gaskiya ne, tun 2006 hukumar Nijar ta sanya maganin yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Amma duk wanda ya taɓa kai yaro likita ya san sauran zancen. Kuɗin da gwamnati za ta mayar wa gidajen likita yakan yi jinkiri, magani ya ƙare, a rubuta takarda a ce je ki saya. A 2024 an rage kuɗin jinya da rabi a likitocin gwamnati, Allah ya saka, amma rabin da ya saura fa? Kuɗin mota zuwa Dakoro in masassarar damina ta tsananta fa? Yaro mai shekara 7 fa?

Wani kuma ya ce babu dokar da ta tilasta shi. An shirya dokar iyali a 1993, aka ajiye. An sake ɗauko ta a 2011, aka sake ajiyewa, domin malamai da yawa sun ga abubuwa cikinta da suka saɓa wa addini. To, jama'a, a nan nake so ku buɗe kunne. Mun ƙi waccan doka da hujjar muna da shari'a, kuma shari'a ta ishe mu. Ashe wannan magana ta zama hujja a kanmu. Ba ya yiwuwa mutum ya ɗaga murya yana kare shari'a a dandali, sannan ya dawo gida ya bar ɗansa yana rawar ɗari, yana cewa sai an sa hannu a Yamai.

Allah Maɗaukaki ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya kuma bayyana a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa mawadaci da matalauci kowa ya ciyar gwargwadon halinsa. Hindu ƴar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyanu, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ƴaƴanta bisa abin da aka saba. A mazhabarmu ta Imamu Malik, kamar yadda muka karanta a Risala, ciyar da ɗa namiji marar dukiya yana kan uba har ya balaga, ɗiya mace kuwa har ta tare da miji. Saki yana yanke igiyar aure, ba ya yanke wannan.

Wani ɗalibi zai ce ai Muhtasar ya nuna maganin mata ba wajibi ne a kan miji ba. Malam, wannan zancen mata ne, baliga mai iya mallakar dukiya. Kada ka jawo shi kan jariri wanda ba shi da kowa sai kai. An wajabta maka tuwonsa ne domin ya rayu, to yaya za a ce allurar da za ta tsare ransa ba ta kanka?

Saboda haka ranar da rabuwa ta auku, kafin a kwashe kaya, a zauna gaban mai gari da liman da shaidu biyu, a rubuta abin da uba zai bayar na abinci, a kuma ambaci magani da sunansa. Manomi ya ware wani abu lokacin kaka. Wanda ya tafi bida Najeriya ko Libiya ya bar wakili da lambar waya. In uba ya ƙi alhali yana da hali, gidan shari'a na Dakoro a buɗe yake, kuma zuwa can ba rashin kunya ba ne. Ke kuma uwa, kada fushi ya sa ki ɓoye ciwon yaro har ya yi nisa. Ki aika tun ranar farko.

Ga Salla tafe. Zakkar fid-da-kai ta yaron nan a kan ubansa take, ko da yana gidan kakanninsa na wajen uwa, domin tana bin wanda ciyarwa ke kansa. Wanda ya manta shi cikin lissafin mudu, ya gyara tun yanzu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga babin reno. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.