Takardar Shaida da Littafin Ciniki



Da yawa cikin 'ya'yanmu na Daura, Ƙaraye da Rogo masu karatun kasuwanci da tattalin arziki suna ɗaukar takardar shaida tamkar mabuɗin ofis. Mu malamai kuwa mun san abin da mai ɗaukar aiki yake fara tambaya: me ka iya? Wanda bai taɓa riƙe littafin ciniki ba, ba a damƙa masa shago.

Saboda haka muna roƙonku, masu shaguna a Kantin Kwari da Dawanau, kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya lokacin hutu, ya koya masa sari, bashi da lissafin riba.

Allah Ya yi mana jagora.