Taimakon Sababbin Ikilisiyoyin Baptis Masu Cin Gashin Kansu

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da wakilan ikilisiyoyi

Mun san waɗansunku sun baro aikin gona, waɗansu kuma a hanya suka kwana. Ubangiji ya saka muku da alherinsa.

An ce mu yi magana a kan sababbin ikilisiyoyin Baptis da ke tasowa a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Kun san su. Waɗansu suna sujada a ƙarƙashin rumfar kara, waɗansu a ajin makaranta na aro, inda in damina ta sauka sai a ɗage benci a koma gefe guda. Kowannenmu yana so ya taimake su. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu ba shi ne, wane irin taimako ne zai tashe su, wane iri ne kuma zai gurgunta su.

Bari mu fara da namu kuskuren, domin kada wani ya ce mun zo nuna masa yatsa. Shekarun baya ikilisiyarmu ta buɗe wurin wa'azi a wani ƙauye. Mutane suka tuba, aka yi musu baftisma, muka yi murna. Muka tara kuɗi muka gina musu majami'a ta bulo da rufin kwano, wadda ta ninka yawansu sau huɗu. Amma mai bisharar da ke zaune tare da su, ba wanda ya tambayi abin da iyalinsa ke ci. Da ikilisiyar ta tsaya da ƙafafunta, suka zauna suka kira shi ya zama fastonsu, mu kuwa muna da wani a zuciyarmu wanda ya fi shi karatu. Muka aika musu da saƙo mai kama da shawara, amma kowa ya san umarni ne, gama mu muka sayi kwanon. Wani tsoho a cikinsu ya dube mu ya ce, "Fasto, mun gode da rufi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Muka koma gida da kunya. Shekara biyu zumunci bai gyaru ba, sai da muka je da kanmu muka nemi gafara.

Da mun tuna tarihinmu, da ba mu faɗa wannan ramin ba. Thomas Bowen, ɗan mishan na Baptis na fari, ya iso wannan ƙasa daga Amurka a 1850. A 1888, a Legas, aka sami saɓani tsakanin ɗan mishan W. J. David da fasto Moses Ladejo Stone a kan albashi da kuma cinikin da Stone yake yi domin ya ciyar da gidansa. Aka raba Stone da aikinsa ba tare da an ji ta bakin ikilisiya ba. Yawancin membobi suka fita suka kafa tasu ikilisiyar, suna cewa su Baptis ne, ba a yanke musu hukunci a bayan idonsu. Sai a 1914, a Ibadan, ɓangarorin suka taru cikin tarayya guda, Mojola Agbebi ya zama shugabanta na fari, a 1919 kuma ta ɗauki sunan dukan Najeriya. Ku lura, abincin fasto da 'yancin ikilisiya su ne suka haddasa wannan rabuwa ta shekara 26, su ne kuma muka yi tuntuɓe a kansu a ƙauyen nan.

To, me ya sa muke nace wa wannan 'yanci? Ba taurin kai ba ne. Mun gaskata Kiristi shi kaɗai ne shugaban ikilisiya, Littafi Mai Tsarki kuma shi ne ma'auninmu cikin bangaskiya da aiki. Kowane mai bi yana da hanya zuwa wurin Allah ta wurin Kiristi, ba sai wani mutum ya tsaya masa ba. In haka ne, to, taron masu bi ashirin a ƙarƙashin rumfa cikakkiyar ikilisiya ce, ba reshen ofishin kowa ba. Ita za ta kira fastonta, ta zaɓi dikinoninta, ta karɓi membobi, ta hori mai laifi, ta san abin da za ta yi da baikonta. Tarayyarmu tana ba da shawara, ba ta mulki. A Amurka akwai ikilisiyoyin Baptis da suka kai wannan matuƙa har ba sa shiga kowace tarayya, kowace tana aika nata 'yan mishan. Muna girmama himmarsu, amma a ganinmu wannan hanya ba za ta fisshe mu ba a inda muke 'yan kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikilisiyoyin Makidoniya, da talaucinsu duka, sun tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, kamar yadda muke gani a 2 Korintiyawa sura 8, amma ba mu karanta cewa sun aika da umarni tare da kuɗin ba.

Abu na biyu da ya kamata mu taya su riƙewa shi ne baftisma. Ba ma yi wa jariri, ba don ba ma ƙaunar yara ba, sai don baftisma shaida ce ta wanda ya ji bishara, ya tuba, ya ba da gaskiya da bakinsa. A nan ne sabuwar ikilisiya take shan gwaji. Mai gida ya karɓi Kiristi, sai ya ce a haɗa da matansa da 'ya'yansa duka, mai bishara kuwa yana so ya kawo mana rahoto mai daɗin ji. Mu ne muke jefa shi cikin wannan jaraba duk lokacin da tambayarmu ta fari ta zama, "Mutum nawa kuka samu?" A bar su su koyar a hankali. Batun nutsarwa cikin ruwa kuma, mun san da rani kogi yakan ƙafe. Masu bi sukan jira damina ko su yi tafiya mai nisa. Ƙaramin kwarmi na siminti a bayan majami'a ya fi musu kwano bandir biyu amfani. (Ga ɗalibanmu masu son tarihi: John Smyth da jama'arsa a Amsterdam a 1609 zuba ruwa suka yi, sai wajen 1641 nutsarwa ta kafu a tsakanin Baptis na Ingila. Kakanninmu ma da sannu suka koya.) Jibin Ubangiji ba za mu daɗe a kansa ba. Tuni ne na mutuwar Ubangiji, kuma ikilisiyar ƙauye tana da ikon yin sa ba sai babban fasto ya zo daga gari ba.

Akwai abu na uku wanda ya shafe mu ƙwarai, mu da muke zaune a tsakiyar maƙwabta masu wani addini. Thomas Helwys, wanda ya koma Landan wajen 1612 ya kafa ikilisiyar Baptis ta fari a Ingila, ya rubuta wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko a kan rayukan mutane cikin sha'anin Allah. Bai nemi wannan 'yanci domin jama'arsa kaɗai ba, ya ambaci Yahudawa da Musulmi ma. Aka jefa shi kurkuku, bai kuwa fito da rai ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 38, ya ba kowa 'yancin addini har da na sake shi, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ya zama nata. Mu nemi haƙƙinmu a kan wannan ba tare da tsoro ba, mu kuma yarda da shi ga maƙwabcinmu. Ba ma sayen mai bi da buhun hatsi, ba ma tilasta wa kowa. Haka nan mu gargaɗi sababbin ikilisiyoyi game da kyautar 'yan siyasa lokacin zaɓe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Yanzu ga abin da muke roƙo ku kai wa ikilisiyoyinku. Kafin bulo, a fara da mutum: abincin mai bishara, kuɗin makarantar 'ya'yansa, da hanyar da zai sami horo, ko a makarantar tauhidi ta Baptis da ke Kaduna ko a wata makarantar Littafi Mai Tsarki ta kusa. A yi yarjejeniya a fili cewa taimakon zai riƙa raguwa kowace shekara yayin da baikonsu ke ƙaruwa, a rubuta, kowa ya sa hannu. Fili kuma, in an saya, a yi takarda da shaidu a gaban mai unguwa da dagaci, da sunan ikilisiyar, ba da sunan wani mutum ba, ko da shi ne ya ba da kuɗin. Mun ga 'ya'ya sun tashi bayan rasuwar uba sun ce gonarsu ce. A kai musu Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda muke da shi cikakke tun 1932, a kuma tura wanda zai koyar da karatu, gama ba amfani mu ce Littafin ne ma'auni ga mutumin da bai iya buɗe shi ba. Iyayenmu mata, ajin karatun manya a hannunku ya fi tafiya, mun gani.

Za a raba takarda bayan addu'a. Kowace ikilisiya ta rubuta ƙauyen da za ta ziyarta kafin girbi, da sunayen mutum biyu da za su je su kwana a can, su ji daga bakin mutanen abin da suke bukata kafin a tara ko sisi. Baba shugaban dattawa, muna roƙonka ka yi mana addu'a.