Idan Yaronki Ya Fara Tsoron Lissafi

  

Yau maganar yaranmu da suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare nake so mu yi, musamman aikin gida na lissafi. Bara da 'yata ta shiga JSS1, duk daren Lahadi sai ta ce cikinta na ciwo. Na ɗauka ƙiwuya ce, na yi ta faɗa. Sai ranar da nake gyaran ɗaki na ɗaga katifa, na ga littafinta na lissafi a ɓoye, shafi huɗu babu abin da ta rubuta. Da na zaunar da ita ta fashe da kuka, ta ce, "Mama, ni fa daƙiƙiya ce." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

'Yan uwa, ku duba abin da ya canza. A firamare yawanci malami ɗaya ke tare da yaro, ya san rauninsa. A sakandare kowane darasi da malaminsa, yana gama lokacinsa zai fita, ga aji cike. Shi kansa lissafin ya canza fuska: an fara sa haruffa irin x a madadin lamba, ga lambobin da ke ƙasa da sifili. Kuma lissafi kamar gini ne, in bulon ƙasa bai zauna ba, na sama ba zai tsaya ba. Ita tawa ashe haddar sau ce ba ta zauna mata ba, bakwai sau takwas sai ta ƙirga da yatsu.

To me za ki yi?

Na farko, ki daina cewa "ai ni ma ban iya lissafi ba." Yaro zai ɗauka gadon gida ne, ya saki jiki. Ke da kike riƙe adashin mutum ashirin ba ki taɓa ɓata ba, kike raba kuɗin cefane ya kai wata, wa ya ce ba ki iya ba?

Na biyu, ki kawo masa lissafin cikin gida. Ki ce, "Na ba ka naira 500 ka sayo tumatir, ka dawo da canjin 200, nawa ne tumatirin?" Zai ce 300. Ki ce masa wannan kuɗin da ya nemo shi ne x ɗin da ke ba shi tsoro. In kina da 500 kika ɗauki kayan 800, ana bin ki 300, ita ce lambar da ke ƙasa da sifili.

Na uku, ki tsayar da lokaci. In ya dawo daga Islamiyya ya ci abinci ya huta, minti ashirin ko talatin sun isa, tun da sauran haske. A kashe talabijin, kada a aike shi. Ki ce ya karanta tambayar da ƙarfi, ya nuna miki daidai inda ya maƙale. Kada yayansa ya yi masa aikin, ranar jarrabawa shi kaɗai zai zauna.

Na huɗu, ban da duka, ban da gori, ban da "dubi 'yar maƙwabta." Yaron da ke tsoron bulala ba ya iya tunani. In ya ci biyu cikin biyar, ki yaba biyun, ku gyara ukun tare.

Na biyar, ki je makaranta ki ga malamin cikin mutunci, ki tambayi inda yaron ke da rauni. Kada ki jira sai sakamako ya fito.

Abin ba ƙarami ba ne. Gaba akwai WAEC da NECO, kuma 'yarki da ke burin zama likita ko nas, sai da kiredit a lissafi za ta wuce. Tawa har yanzu ba ita ce ta ɗaya ba, amma ciwon cikin Lahadi ya tafi, littafin ma a jaka yake kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Don Allah a tura wa sauran 'yan uwa. Allah ya buɗe ƙwaƙwalen yaranmu, ya ba mu haƙurin tarbiyya. Amin.

Taku,
Shugabar Mata