Ina Ɗanka Ya Kwana Jiya?

Yau za mu yi magana a kan yaran da ba su da wurin kwana.

Kowace shekara, in an gama girbi, mukan tura 'ya'yanmu birni neman karatu. Neman ilmi abu ne mai kyau ƙwarai. Amma da yawa cikinmu ba mu san inda yaran nan suke kwana ba. Waɗansu a zaure suke kwana a cunkushe. Waɗansu a rumfar kasuwa ko tashar mota, ba tabarma, ba mayafi.

To, ku ji abin da wannan yake jawowa. Da damina sauro ya cije su, zazzaɓi ya kama su. Da hunturu, ga tari, ga ciwon haƙarƙari. Inda ake kwana jiki da jiki, ƙazuwa da makero ba su da wuyar yaɗuwa. Sanƙarau kuwa ta numfashi ake ɗaukarsa, ya fi tsanani da bazara. A shekarar 1996 ya kashe dubban mutane a Arewa. Yaron da ba shi da ruwan wanka sai ya shiga kududdufi. Can zai ɗauko tsargiya, watau fitsarin jini. In yunwa ta matsa, ko tuwon da ya lalace ci zai yi, sai gudawa. Wanda ba mai tsawata masa kuma, ɓatagari ne za su ja shi.

A shekarar 2020, lokacin cutar korona, gwamnonin Arewa sun mai da almajirai jihohinsu. Da aka gwada waɗanda aka kai Kaduna daga Kano, an sami masu cutar a cikinsu. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai. Madalla. Amma ba hukuma ce ta haifi yaron ba, mu ne.

Saboda haka, ƙaramin yaro ya yi karatu wurin malamin garinmu, ya kwana gaban uwarsa. In lalle sai ya tafi, uba ya bi shi, ya ga ɗakin kwana da idonsa. Ya kai wa malam hatsi, da sabulu, da gidan sauro. Ya riƙa zuwa dubiya. In ya iske yaro ba lafiya, ya kai shi asibiti nan da nan.

'Ya'ya amana ce, za a tambaye mu. Allah ya raya mana su cikin lafiya, amin.