Hasumiyar Gobarau da tsohon masallacinmu na ƙasa
(Jawabin da anka yi a taron ƙungiyar gari)



Shawarar da ke gabanmu yau ita ce a rushe tsohon masallacinmu na ƙasa, a gina na siminti da tol. Kafin a ɗaga hannu, mu malaman lakwal muna roƙon ku ku saurari labarin Gobarau.

Gobarau tana cikin birnin Katsina, inda kakannin da yawa daga cikinmu sunka fito bayan yaƙin 1807, sunka zo sunka kafa Maraɗi. Masana tarihi suna danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya musulunta, cikin ƙarni na 15. Cikin wannan ƙarni ne mutanen Fulorans, a ƙasar Italiya, sunka gama tulluwar babbar majami'arsu, a 1436. Su da jan bulo da dutse, mu da ƙasa da azara.

Gobarau masallacin Juma'a ce, kuma makaranta ce. Yau hasumiya kaɗai ta rage, tsawonta kamar metir 15. Gindinta yana da faɗi, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, shi ya sa nauyinta bai kada ta ba. A 1959 gwamnatin Najeriya ta sa ta cikin kayan tarihin ƙasa.

To, ina sauran masallacin? Ginin ƙasa kamar gona yake: in an daina zuwa, ya tafi. Hasumiya ta tsira don an yi ta gyaranta.

Maginanmu sun san sirrin. Tubali a dunƙule shi da hannu, ya bushe sarai a rana. Azara ta giginya, don gara ba ta son ta. Yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, don ruwa ya zame. Indararo ya yi tsawo, kada ruwan sama ya ci gindin bango. Kuma kun sani, cikin watan Afrilu soron ƙasa ya fi ɗakin tol sanyi nesa ba kusa ba.

Kada a ce aikin jiya ne. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan.

Ga roƙonmu guda uku. Na ɗaya, in wuri ya yi kaɗan, a ƙara rumfa a gefe, a bar tsohon gini. Na biyu, a sa ranar gayyar yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko. Na uku, a ba tsofaffin magina yara biyu su koya, tun suna da ƙarfin nunawa. Mu kuma za mu kawo ƴan lakwal su ɗebo ruwa.

Shawara tana hannunku. Allah ya ba mu damina mai albarka.